Me ya kawo mutum-mutumin hafsan sojan ruwan Amurka garin Wexford?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga hoton mutum-mutumin John Barry a bakin tashar jiragen ruwa ta Wexford a ƙasar Ireland, kana mamakin abin da ya haɗa sojan Amurka da garin. Ai ɗan gida ne. A wannan yankin aka haife shi a 1745, tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya yi kaka-gida a birnin Philadelphia na Amurka.

Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke, ya jagoranci jirgin Lexington a 1776, sannan Alliance, wanda da shi ya gwabza faɗan ruwa na ƙarshe na yaƙin a 1783. A 1797 George Washington ya miƙa masa takardar naɗi mai lamba 1 a sabuwar rundunar ruwa. Gwamnatin Amurka ce ta ba Ireland kyautar mutum-mutumin a 1956, Shugaba Kennedy kuma ya ajiye furanni a wurin a 1963.

Kada ka ɗauka kabarinsa ke nan. Ya rasu a 1803, a Philadelphia aka binne shi. Kuma laƙabin "uban sojan ruwan Amurka" da ake yi masa, akwai masu ba John Paul Jones, wani hafsan sojan ruwan Amurka na wancan yaƙin, ɗan asalin Scotland. Ni dai ina ganin Barry ya fi cancanta, don shi ya tsaya ya horar da hafsoshin farko.

In rubutun makaranta za ka yi, tuntuɓi ma'ajiyar tarihi ta gundumar Wexford kan asalin danginsa, domin shafukan intanet sun sha bamban a kan ƙuruciyarsa.