Kifin zomo da gubar da wuta ba ta kashewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Aiki ya kai ni zama a gaɓar teku mai duwatsun murjani, inda kifin zomo yake cikin kifayen da aka fi ci. Makon jiya ina cikin gyara shi ƙayarsa ta soke ni a yatsa, hannu ya kumbura, na kwana ina fama da raɗaɗi. Daga baya sai na ji cewa naman wasu kifayen murjani yana ɗauke da guba. Mai sayarwa ya ce in kwantar da hankalina, wai ciyawar teku kaɗai wannan kifi yake ci, kuma ko da akwai guba suya mai kyau tana kashe ta. Maƙwabcina kuma ya ce muddin ƙuda ya sauka a kan kifi to lafiyayye ne. Ina da yara ƙanana, uwarsu kuma tana shayarwa. Shin mu daina cinsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Damuwarka tana kan hanya, sai dai tambayarka ta haɗa abubuwa biyu da ya wajaba a raba su, wato dafin da ke cikin ƙaya da gubar da kan shiga nama, domin haɗa su ɗin ne yake kai mutane asibiti.

Kifin zomo dangi ne na kusan nau'i 28, waɗanda masana suka tara a ƙarƙashin sunan Siganus, kuma asalin mazauninsu Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik da Bahar Maliya. Yawancinsu ba su wuce tsawon santimita 25 zuwa 35 ba. Suna da ƙaramin baki da jerin haƙora ƙanana masu kaifi da suke tsinkar ciyawa da su, da dogon hanji irin na dabbar da ke rayuwa a kan ganye. Da rana suke kiwo, wasu garke-garke a filayen ciyawar teku, wasu bibbiyu a cikin murjani, da dare kuma sai su lafe jikin dutse su sauya launi ya zama dabbare-dabbare. A cikin masu tafiya bibbiyu an lura, a binciken da aka yi a babban jerin murjani na Ostireliya, cewa idan ɗaya ya cusa kai cikin rami yana ci, ɗayan yakan tsaya da kai sama yana gadi, sannan su yi musanya, abin da ba a cika gani a kifaye ba. Haihuwarsu tana bin kwanan wata, shi ya sa a tsibirin Guwam da ƙasar Filifin masunta suke sanin lokacin da 'ya'yansu za su cika gaɓa.

Aikinsu a teku ba ƙarami ba ne. Ciyawa da murjani gasa suke yi a kan wuri da haske, ciyawar kuma ta fi saurin girma, saboda haka idan babu mai kiwonta sai ta rufe murjanin. Tsibirin Jamaika ya ga haka, ko da yake ba kifin zomo ne a can ba: bayan an kame kifayen da ke cin ciyawa, guguwa ta auka a 1980, annoba kuma ta kashe bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya da ita ma take kiwon ciyawa, a 1983 zuwa 1984, murjanin da ya rufe kusan rabin duwatsun a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990. A Bahar Rum kuwa akasin haka aka gani, domin nau'i biyu na kifin zomo sun bi mashigin ruwan Suwes da aka buɗe a 1869, an fara ganin ɗaya a gaɓar Falasɗinu a cikin shekarun 1920, yanzu kuma sun share dazuzzukan ciyawa a gaɓar Turkiyya har duwatsu sun zama fako.

Abin da ya soke ka kuwa makaminsa ne na kare kai. Yana da ƙaya 13 a fiffiken gadon baya, da 7 a fiffiken ƙasa na wajen wutsiya, da biyu a kowane ɗaya daga fika-fikan ciki, sannan akwai wata gajeruwa a gaban na gadon bayan wadda take kallon gaba, ita ce ta fi kama mai gyaran kifi. Jikin ƙayoyin akwai dafi, kuma mutuwar kifin ba ta kashe shi nan take. Wannan dafi furotin ne, zafi yana raunana shi, don haka abin yi shi ne a tsoma wurin cikin ruwan zafi wanda fata za ta iya jurewa, kimanin digiri 45, na tsawon minti 30 zuwa 90, a cire guntun ƙaya idan ya karye a ciki, a wanke da sabulu, a duba batun allurar rigakafin tetanas. Ba a tsaga wurin da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure hannu. Idan kumburin naka bai sauka ba har yanzu, ko ya yi ja yana ruwa, to ƙwayar cuta ta shiga, ka je a duba. Nan gaba ka datse ƙayoyin da almakashi kafin ka fara fiɗa.

Yanzu sai maganar mai sayar da kifi, wadda ita ce nake ji kusan kullum, kuma ita ce ta fi ba ni takaici, domin kowane ɓangare nata yana kama da hankali alhali ƙarya ce. Ana cewa mai cin ciyawa ba ya ɗaukar guba. To ai ta ciyawar gubar take shigowa. A jikin ganyen ciyawar teku da matattun murjani akwai wata halitta mai ƙwaya ɗaya, wadda ido ba ya gani, mai suna Gambierdiscus, da masana daga Japan suka gano a tsibiran Gambiye na Folinesiya a ƙarshen shekarun 1970. Ita take ƙera gubar da ke haddasa cutar siguwatera. Kifin da ke tsinkar ciyawa ko yake kankare dutse yana haɗiye ta tare da abincinsa, gubar ta zauna a jikinsa, sai babban kifi ya cinye shi, ta ƙara taruwa, har ta kai ga barakuda da manyan kifayen rami da kifin nan mai siffar maciji da ke zaune cikin kogon murjani. Gaskiya ne cewa waɗannan manyan mafarauta su ne suka fi hatsari, kifin zomo kuma yana cikin masu sauƙin lamari, amma masu cin ciyawa su ne ƙofar farko, kuma a Folinesiya sanannen abu ne mutane su kamu bayan sun ci ƙaramin kifi mai kankarar dutse da kifin aku. Wanda ya ce maka cin ciyawa shaidar tsabta ce, ya juya sarƙar abincin baibai.

Sai batun suya. A nan ne mutane suke ɗauko abin da ya dace da ƙaya su ɗora wa nama. Sun ga ruwan zafi ya kwantar da raɗaɗin suka, sun kuma san dahuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, sai suka yanke hukunci cewa wuta tana maganin komai. Gubar siguwatera ba furotin ba ce, ba kuma rayayyen abu ba ce balle a kashe ta. Tafasa ba ta lalata ta, suya ba ta lalata ta, haka gashi da ƙyafewa da shanyawa da gishiri da daskararwa, lemon tsami ma ba ya taɓa ta. Tana narkewa cikin kitse, saboda haka romon da aka dafa kan kifi da kayan cikinsa a ciki yakan fi tsokar kanta illa. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sauya launin nama, kifin da ke ɗauke da ita kuma yana yawonsa cikin ƙoshin lafiya, idonsa garau, an kamo shi yau da safe. Ƙarfinta ya kai matsayin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa iyakar nau'in gubar na Tekun Fasifik a cikin naman kifi a kan kashi 0.01 cikin biliyan. Abin da ake auna shi da irin wannan ma'auni, ta yaya hanci ko harshe zai gane shi?

Wannan shi ya kawo mu kan ƙudan maƙwabcinka da 'yan uwansa. Akwai masu cewa a sa kuɗin azurfa cikin tukunya, idan ya yi baƙi akwai guba. Akwai masu cewa tururuwa ba ta hawa kifi mai guba, akwai masu duba taurin nama ko zubar jini daga wutsiya, akwai masu shafa hantar a dadashi su jira ƙaiƙayi, wato su gwada gubar da bakinsu. An jarraba irin waɗannan dabaru ba a sami ko ɗaya da za a jingina ran yaro a kansa ba. Ƙuda yana sauka a kan abin da ya fi kifi muni. Bai wa kyanwa ta fara ci shi kaɗai ne yake da ɗan tushe, tun da ita ma gubar tana kama ta, amma zalunci ne, kuma alamun sukan yi jinkiri har iyali su gama cin abincinsu. Abin da ya sa waɗannan camfe-camfe ba sa mutuwa shi ne yawancin kifaye lafiyayyu ne, saboda haka mai gwajin ƙuda zai yi daidai sau da yawa ba don gwajinsa ba, ya riƙa bugun ƙirji a WhatsApp, ranar da ya kuskure kuma sai a ce ruwa ne ko sammu. Gwaji na gaskiya sai a ɗakin bincike, da na'urorin da babu su a kasuwar kifi.

Ka san alamun, domin ba su kama da na ruɓaɓɓen abinci. Cikin 'yan awoyi, wani lokaci har kwana guda, sai amai da gudawa da ciwon ciki, daga nan leɓe da harshe da yatsu su dushe kamar ana tsira musu allura, ga ƙaiƙayi mai tsanani, ga ciwon gaɓoɓi, wani ma ya ji kamar haƙoransa suna girgiɗi. Alamar da ta fi fita daban ita ce taɓa abu mai sanyi ya zama kamar ƙuna, domin gubar tana buɗe ƙofofin sodiyam na jijiyoyi ta hana su rufewa. Wanda bugun zuciyarsa ya yi ƙasa, ko jiri ya kama shi, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan take. Babu makarin wannan guba, duk wanda ya sayar maka da shi kuɗinka ya ci. Abin da likita yake yi shi ne ƙarin ruwa da tallafa wa zuciya da rage raɗaɗi, wasu kuma suna ba da wani magani mai suna manitol a farkon ciwo, ko da yake masana ba su daidaita kan amfaninsa ba. Mutuwa ba ta da yawa, amma alamun jijiya sukan ɗauki makonni ko watanni. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 10,000 zuwa 50,000 a shekara a duniya, kuma kowa ya yarda adadin ya gaza, domin ma'aikatan lafiya da yawa suna rubuta amai da gudawa kawai su sallami mutum, babu mai tambayar wane kifi aka ci ko daga ina aka kamo shi, takardar rahoto kuma, inda ma akwai ta, takan kwanta a tebur har wani gida ya ci daga dutsen da aka kamo kifin.

Ban ce ku daina ci ba. Miliyoyin mutane daga gaɓar Kenya zuwa Filifin suna cin kifin zomo lafiya. Gubar ta wuri ce, wani dutse yana da ita, na kusa da shi babu, kuma takan ƙaru bayan guguwa ko mutuwar murjani ko aikin yasar tashar jirgi, saboda ciyawa tana mamaye abin da ya mutu. Don haka tambayar da za ka yi wa mai sayarwa ita ce inda aka kamo kifin, ka kuma saurari tsofaffin masunta idan sun ce ba a cin kifin wuri kaza, domin wannan sani daga waɗanda suka kwanta ciwo ya fito. A fiɗe shi da wuri, a zubar da hanta da ƙwai da hanji da kai, kada a yi romo da su, ko don wani maye da mugun mafarki da akan samu daga kan wasu nau'o'insa. Yara a ba su tsoka kaɗan, a kuma nisanta su da manyan kifayen murjani gaba ɗaya. Uwargida kuwa, idan ta ji ko ɗaya daga alamun nan, ta dakatar da shayarwa ta ga likita, domin gubar tana iya bin nono. Idan wani ya kamu, a daskarar da ragowar kifin a kai wa hukumar lafiya, majinyacin kuma ya ƙaurace wa kifi da gyaɗa da barasa na tsawon wata uku zuwa shida, saboda suna iya dawo da alamun, kamu na biyu kuma yakan fi na farko tsanani.