Bajina Ya Takure Ya Daina Cin Gero: Amsoshin Tambayoyin Masu Kiwon Tsuntsu a Gida

Assalamu alaikum manoma da makiyaya. Yau ba maganar taki ko tsutsar masara za mu yi ba, tunda hunturu ya shigo tambayoyin da suka fi yawa na masu kiwon baji ne, ɗan ƙaramin akun nan mai kore da yalo ko shuɗi da ake ajiyewa a keji a tsakar gida, kuma kusan duk kukan ɗaya ne, ya takure, ya daina surutu, me za a ba shi.

Wata Hajiya daga Hotoro ta ce: "Malam, bajin yarana ne tun jiya ya kumbura gashinsa ya sauko ƙasan keji, ido a lumshe, ko an taɓa kejin ba ya tashi. Sanyi ne ko ciwo?"

Hajiya, in da safe ne kawai yake kumbura gashi rana na fitowa ya warware ya koma tsalle-tsallensa to wannan sanyi ne. Amma wanda ya bar sandarsa ya sauko ƙasa ya wuni a haka, ciwo ne, kuma ba jiya ya fara ba. Asalin tsuntsun nan daga dajin Ostireliya yake, a can garke-garke suke yawo, duk wanda ya nuna kasala shi shaho ke fara ɗauka, shi yasa halittarsa ce ya ɓoye ciwo har sai ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da kika ga alama, ciwon ya riga ya yi nisa. Kuma duk jikinsa giram 30 zuwa 40 ne, bai kai nauyin ƙwan kaza ɗaya ba, ga zafin jikinsa wajen digiri 41, abinci ƙonewa yake yi a jikinsa nan da nan, in ya kwana ya wuni bai ci komai ba to an shiga hatsari sosai. Ba irin kaza ba ne da za a ce a bari a gani zuwa jibi.

Abin da za ki yi yanzu-yanzu ɗumi ne, shi ne gaba da komai. Ki raba shi da sauran in suna da yawa, ki sa shi a ƙaramin keji ko kwali mai huji-huji, ki shigo da shi ɗaki inda iska ba ta bugawa, ki lulluɓe gefe uku da zani ki bar gaba a buɗe. Ana so wurin ya kai digiri 28 zuwa 30. In akwai wuta ki rataya ƙwan fitila irin na da mai zafi a gefe ɗaya daga waje, in babu, wanda dai mun san halin da ake ciki, ki zuba ruwan zafi a gora ki naɗe da tawul ki jingina a jikin kejin, in ta huce ki canza, har cikin dare. Gefe ɗaya kawai za ki ɗumama don in zafin ya ishe shi ya matsa da kansa. In kika ga ya buɗe baki yana haki ya ɗage fukafukai daga jikinsa to ya yi yawa, a rage.

Don Allah kar a kai masa kaskon gawayi. Na san shi ne abin da hannu ke fara kaiwa a hunturu, amma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki mutum ma yana kashewa balle wannan. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin zuƙar guba nesa ba kusa ba. Haka turaren wuta, kuma nan ne nake yawan samun saɓani da iyayenmu mata, don gidan Bakano ba ya rabuwa da turare, to a turara ɗaki ba laifi amma a fitar da kejin tukuna sai ƙamshin ya lafa. Igiyar leko, maganin sauro na fesawa, fiya-fiya, hayaƙin janareta, duk layi ɗaya ne. Sau da yawa tsuntsun da aka ce ya mutu haka kawai da asuba, in ka bi diddigi an fesa maganin sauro ne da daddare aka ja ƙofa.

Sai abinci. Ki sauko da gero da ruwa ƙasa dab da bakinsa, kar ya sha wahalar hawa, ki ba shi abin da ya saba da shi, yanzu ba lokacin koya masa sabon abinci ba ne. In kina da zangarniyar gero ki sa masa ita, sun fi son tsattsaga da kansu. Kuma ki ɗauki kwanon ki hura shi da baki, don baji ɓare ƙwaya yake yi ya bar ƙaiƙayin a ciki, sai ki ga kwano cike alhali ba ƙwaya ko ɗaya, akwai masu rasa tsuntsu da yunwa kwano na gabansa. In ba ya shan ruwa ki dama ORS ɗin nan na kemis yadda aka rubuta a jikin leda, ki ɗiga masa ɗigo ɗaya a gefen baki ki jira ya haɗiye da kansa. Kar a ɗaga kansa a ɗura da sirinji, ruwan na wucewa huhu ne shikenan. Duk wannan na riƙe rai ne kafin ki kai shi wajen likitan dabbobi, yau ba gobe ba, akwai asibitin dabbobi a Gwale akwai kuma masu zaman kansu a gari. Ki tafi da shi a kwalin a lulluɓe saboda iskar adaidaita, ki haɗa da takardar ƙasan kejin yadda take da kashin a kai.

Wani matashi daga Kurna, mai kiwon tantabaru, ya ce bajinsa yana amai, gashin kansa ya jiƙe ya manne, ya fasa masa kafso ja da yalo a ruwa kamar yadda yake yi wa kaji amma ba sauƙi.

Ƙanena ka zubar da ruwan nan ka sa masa mai kyau. Kaza tana kilo biyu, ta ninka shi sau hamsin, wane awo ka yi? Sannan ruwan ya yi ɗaci, mara lafiya da ma ba son sha yake ba sai ya ƙaurace gaba ɗaya, ka ƙara masa ƙishirwa a kan ciwo. Farasitamol da sauran maganin mutane ma kar a fara.

A aman baji akwai wanda ba ciwo ba ne, namiji mai lafiya yana gyaɗa kai ya dawo da ƙwaya ya ba matarsa, ko madubi, ko ma yatsan mai shi, wannan soyayya ce kawai. Amma mai yarfa kai yana watsa ƙwaya da yauƙi har kansa ya jiƙe, amai ne na gaske. Tunda ka ce kana da tantabaru zargina na farko shi ne ciwon nan da ke sa wani farin abu ko rawaya-rawaya a maƙogwaron tantabara, baji ma yana kamuwa kuma ta ruwan sha yake yawo, in kwano ɗaya kake ɗauraye musu ko tantabaru na sauka kan kejin to ga hanya nan. Ƙwayar cutar ba irin wadda kafso ɗinka ke kashewa ba ce, maganinta daban ne, dangin metronidazole, kuma likita ne zai auna. Zargi na biyu maƙoƙo, eh tsuntsu ma yana yi, baji ya yi suna a kansa in gero zalla yake ci shekara da shekaru saboda ƙarancin aidin, abin ya kumbura daga ciki ya danne hanyar abinci, har ka ji yana wani ɗan ƙara in yana numfashi. Ka kama shi a hankali ka shafa ƙirjinsa da yatsa, in ƙashin tsakiya ya fito da kaifi ba tsoka gefe da gefe to ya daɗe yana ramewa gashi ne ya rufe maka. Wannan ba na gida ba ne.

Malama daga Gwammaja ta tambaya kan zawo, wai kashin nata ya koma ruwa-ruwa. Malama ki shimfiɗa farar takarda a ƙasan keji ki duba da safe. Kashin mai lafiya ɗan dunƙule ne, gefe kore mai duhu tsakiya fari. In dunƙulen na nan sai dai ruwa ya kewaye shi, ba zawo ba ne fitsari ne ya yi yawa, latas ko kankana ko tsorata na sa haka, ki janye su ki gani zuwa gobe. Wanda ke tada hankali shi ne farin ya koma yalo ko kore shar, wannan hanta ce, ko ki ga jini, ko baƙi ƙirin, ko ƙwayar gero ta fito yadda ta shiga ba ta narke ba, ko kashin ya ragu ƙwarai alamar ba ya ci. In ya manne masa a gashin baya ki goge da auduga da ruwan ɗumi ki tsane shi sosai. Sannan ki shinshina geron, wanda ya sha damshi ya yi fumfuna guba ne, gara ki sayi kaɗan-kaɗan mai kyau da ki ajiye tiya biyar ta lalace.

Mai tambaya kan wani farin ɓawo da ya fito wa nasa a saman baki da ƙafafu, ƙazuwar tsuntsaye ce, wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani ke haƙa a fatar. Tana jin magani, ivermectin ake ɗigawa a fatar bayan wuya a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu, amma ba wanda ake yi wa shanu da awaki allura yadda yake a kwalba ba, sai likita ya sirka. Kar a ɓanɓare, kar a shafa baƙin mai ko kananzir. A yi wa duk na kejin tare a wanke sandunan. In aka bari bakin karkacewa yake yi har ya kasa ɓare gero.

Wani Alhaji daga Sharaɗa ya ce macen ce ta zauna a ƙasa ƙafa a wawware tana nishi, ƙasan cikinta ya kumbura. Ranka ya daɗe wannan alamar ƙwai ne ya maƙale, kuma awanni ake ƙirgawa ba kwanaki ba. In mutum bai tabbatar ko mace ce ba ya duba fatar hancin da ke saman baki, ta namiji baligi shuɗiya ce, ta mace ruwan ƙasa ko fari-fari, kuma mace tana yin ƙwai ko ba namiji. A ba ta ɗumi, a ajiye kwanon ruwan zafi a wajen kejin tururin ya riƙa isa gare ta, a nufi asibiti. Abin da ba a yi shi ne matsawa da yatsa, in ya fashe a ciki da wuya ta tashi. Tushen abin ƙarancin sinadarin ƙashi ne, gero ba shi da shi sosai, ita kuma tana zuba ƙwai 4 zuwa 6 a zama ɗaya ta kwanta kwana 18, wasu masu kiwon don son riba ana kwashe 'ya'ya sai a bar ta ta sake, ta sake, har ta ƙare. In ta tsira a cire akwatin ƙwan ta huta wata da watanni. A riƙa dafa ƙwai a daka ɓawon a barbaɗa musu, a ba su ɗan dafaffen ƙwan ma, da ganyen zogale, alayyahu, karas da aka goga, duk a wanke tas don kayan lambu na shan feshi. Piya kam haramiyarsu ce, tana kashewa, haka cakulan da albasa da duk abin da ke da gishiri. Su kuma samu hantsin safe, ba ranar azahar ba, musamman in bazara ta zo Kano ta haura digiri 40, keji a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu shi ma ajali ne.

Ta ƙarshe, wani uba daga Dorayi ya sayo sababbi biyu a kasuwa ya zuba cikin na gida, yanzu uku na atishawa ido na ruwa jela na sama da ƙasa in suna numfashi, yana tsoron ko yara za su ɗauka. Malam tsoronka na kan hanya. Akwai cutar dangin aku da mutum ke ɗauka ta ƙurar busasshen kashi, tana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da tari, ana iya ɗaukarta maleriya ce. Tana jin magani a mutum da tsuntsu, na tsuntsun doxycycline ne har kwana 45, shi yasa masu ba da kwana uku su daina suke ganin ta dawo. A fitar da kejin daga ɗakin kwana, yara da mai juna biyu da tsofaffi su nisance shi, mai sharewa ya sa takunkumi ya yayyafa ruwa kafin ya share don kar ƙura ta tashi, ya wanke hannu da sabulu. Duk wanda zazzaɓi ya kama a gidan a faɗa wa likita cewa akwai tsuntsaye marasa lafiya. In kuma suka fara faɗuwa biyu uku a rana ɗaya, ko kajin gidan ma suka soma, kar a jefar a bola ko kwata, a ɗauka da leda a sanar da jami'an dabbobi, masu kaji a Kano ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba. Gaba in ka sayo sabo ka ajiye shi keji daban ɗaki daban kwana 30, kwanonsa daban, kuma shi za ka riƙa ba abinci a ƙarshe bayan ka gama da na gida.