'Yata tana karanta bird da "biridi", sai na biya kuɗin dikshin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. 'Yata shekararta bakwai, tana aji biyu a wata makarantar kuɗi nan cikin Bauchi. Hausa kam tana karantawa ba laifi, Turancin ma ƙananan kalmomi irin su cat, pin, mop duk tana haɗawa da kanta, amma da zarar r ya shigo bayan wasali shikenan ta rikice, farm ta ce "faram", bird ta ce "biridi", turn kuwa sai ta tsaya tana kallona. Antinsu ta ce wai harshenta ne da nauyi, Hausa ce ta ɓata mata baki, in daina yi mata Hausa a gida sannan in saka ta ajin dikshin, wato na koyon furucin Turanci, da ake biya daban duk zango. Kakarta ma har ta fara maganar a kai ta wurin wanzami ya duba ƙasan harshen. Wallahi abin ya hana ni sukuni, ina tsoron kar a wuce ta a aji. Me zan yi?

Maman Ilham, Fadaman Mada

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ki kwantar da hankalinki, kuma kafin komai ki ba Hajiya kaka haƙuri a ajiye maganar wanzamin nan, kar a kusanci bakin yarinyar nan da aska. Ƙasan harshe wuri ne mai jijiyoyin jini, ana iya jawo zubar jini ko shigar cuta a kan abin da ba ciwo ba. Yarinyar da take iya cewa sarki, birni, ƙarfe, murfi ba tare da ta yi tuntuɓe ba, harshenta lafiyarsa ƙalau, r ɗin Hausa ma ya fi na Turanci neman motsin harshe nesa ba kusa ba.

Abin da take yi ma a wurina labari ne mai daɗi. Duba dai, da ta ga farm ba ta yi canki-canki ba, ba ta kalli hoto ta ce "gona" ba, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya ta ba kowanne haƙƙinsa kamar yadda Hausa ta koya mata, domin a rubutun boko abin da ka gani shi za ka furta. A sarki ana jin a ana jin r, a birni ana jin i ana jin r, a murfi ana jin u ana jin r, sauti uku ne daban-daban. Sannan gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa da ta iso rm ko rd a ƙarshen kalma sai bakinta ya cusa wasali a tsakani ya zama "faram" da "biridi". Ƙa'ida take bi, kawai dai ba wanda ya zauna ya gaya mata cewa a Turanci ƙa'idar ta canza a wannan wurin.

Canjin shi ne, in r ya biyo bayan wasali a gaɓa ɗaya, toh wasalin ya bar sautinsa na cat da pin, shi da r ɗin sun zama abu guda mai sauti guda. Farm sauti uku ne ba huɗu ba, f sai ar sai m. Bird ma uku ne. Kuma er, ir, ur da Hausa ta raba su, a her da bird da turn duk sauti ɗaya suke bayarwa, rubutun ne kawai ya bambanta. A Turancin yawancin Ingila, wanda namu na Najeriya ya gada, ba a ma furta r ɗin sam, jan wasalin kawai ake yi. Kakanninmu da suka ji Turanci daga bakin Turawan mulki da kunne suka ɗauka, kuma sun ji daidai, shi ya sa card ya zama kati, guard ya zama gadi, court ya zama kotu, church ya zama coci, nurse ta zama nas, motor ta zama mota. Ina r ɗin? Babu. Ilham ta san waɗannan kalmomin tun tana goye, ba a taɓa nuna mata su a rubuce ba ne kawai.

Yanzu bari in zo kan maganar dikshin ɗin nan, don ita ce take ƙona min rai, kusan duk taron horar da malamai da na shiga sai na yi ta da wani. An wayi gari a garin nan mutane sun ɗauka foniks shi ne fone, wato yaro ya riƙa lanƙwasa harshe yana magana ta hanci kamar ɗan Amurka. Ba shi ba ne wallahi. Foniks hanya ce ta koyar da KARATU, yaro ya san wane rubutu ne yake ba da wane sauti, ya haɗa su ya fitar da kalmar da bai taɓa gani ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin, babbaƙu da farfaru ne, ka san baƙi, ka san wasali, sannan ka haɗa. Fone kuwa ado ne na baki, kuma yaro zai iya kwaikwayonsa tsaf alhali ko layi ɗaya bai iya karantawa.

Na shiga wata makaranta da safe ana asambuli, an ɗauko wani matashi daga waje yana zuwa sau ɗaya a mako, ya tsaya da lasifika yana cewa "wora" yara kusan ɗari biyu suna amsawa "wora", wai water kenan, yana cewa "carrr" suna amsawa "carrr" har da murguɗa baki, mai makarantar tana gefe tana ɗaukar bidiyo da waya don a saka a Facebook. Babu allo, babu harafi ko ɗaya a gaban yaran. Da aka shiga aji na rubuta fork a allo na kira wata yarinya da ta fi kowa zaƙin murya a filin, ta gaishe ni da Turanci mai daɗin ji, sannan ta dubi allon, ta dubi antinta, ta sa yatsa a baki, idonta ya ciko da ƙwalla. Aji uku take. Iyayenta suna biyan kuɗin dikshin duk zango, kuma na tabbata suna jin daɗi in ta dawo gida tana fone a gaban baƙi. Ranar da wannan yarinyar za ta zauna jarrabawar shiga sakandare ba mai tambayarta ta furta water, takarda za a ajiye mata a ce karanta ki amsa.

Kuma abin haushin, da yawa daga masu wannan sana'ar su kansu ba su san abin da suke koyarwa ba. Yau ya ce a naɗe harshe a car irin na Amurka, gobe ya ce teacher ba a furta r irin na Ingila, ya cakuɗa biyun a darasi ɗaya, yaro ya rasa wanne zai kama. Amurka da Kanada suna furta r ɗin, yawancin Ingila da Ostireliya ba sa furtawa, kuma duk Turanci ne, ba wanda ya isa ya ce ɗaya kuskure ne. Toh in masu harshen ma ba su haɗu a kan furuci ɗaya ba, a kan me za a tasa 'yar shekara bakwai a Bauchi a gaba a ce harshenta ne da nauyi? Ingilar da ake ta kwaikwayo, tun 2012 suke yi wa yaransu 'yan wajen shekara shida gwajin foniks, kalmomi 40 ake ba yaro ya karanta, rabinsu ma ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, don a gane ko haɗa sauti yake yi ko hadda ce. Haɗawar suke aunawa, ba zaƙin baki ba.

Maganar a daina yi mata Hausa a gida kuwa, wannan ita ce shawara mafi muni a cikin duk abin da aka gaya miki, kuma ina roƙonki kar ki ɗauka. Yaro sau ɗaya yake koyon cewa rubutu sauti ne, in ya koya da harshen da yake ji sai ya ɗauki dabarar ya tafi da ita kowane harshe. A kan wannan aka gina shirin ilimi na NEI Plus da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta tallafa a Bauchi da Sakkwato daga 2015, wanda ya kawo littattafan Mu Karanta makarantun gwamnati, a fara da Hausa sannan a gangara Turanci. 'Yarki da ta iya karanta Hausa ta riga ta yi rabin tafiyar. In kika rufe mata bakin Hausa kin raba ta da hira da kakarta, kin raba ta da tatsuniya da yawan kalmomi, a madadin me? Turancin "come and eat" da "stop that" da za a riƙa jefa mata a tsakar gida? Malaman da suke faɗin wannan magana ba mugunta ba ce, yawancinsu ba a horar da su ba ne, an ɗauke su da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba an miƙa musu littafi an ce je ki koyar, masu makarantun kuma sun gano fone ya fi karatu saurin burge iyaye. Mu iyaye mu muka ba da ƙofa, muna tambayar "ya iya Turanci?" ba ma tambayar "ya iya karatu?". 'Ya'yan nan amana ne, kuma kuɗin da ake karɓa da sunan ilimi alhali ba a ba da shi ba, wanda ya karɓa ya san Allah zai tambaye shi.

Abin da za ki yi a gida ba ya cin ko sisi. Ki samu kwalin sabulu ko na taliya ki yayyanka ƙanana, ki rubuta ar a kati ɗaya, haruffan biyu tare, kar ki raba su, in da hali da jan biro. Sauran baƙaƙen kowanne da katinsa. Ki fara da ar shi kaɗai don ya fi sauƙi, kuma a nan Bahaushiya tana da riba, kunnenta ya saba da dogon wasali da gajere, ta san garin da ake zama daban da garin tuwo. Ki ce mata ar shi ne dogon a irin na garin tuwo. Ki jera c, a, t ta karanta cat, sai ki zare a ki sa ar ta ji ya koma cart. Had ya koma hard, ban ya koma barn. Ta riƙa taɓa kowane kati da yatsa tana furtawa, taɓawa uku sauti uku, yatsar ce za ta hana ta cusa wasalin nan na "faram". Minti goma bayan la'asar ko bayan an dawo Islamiyya ya isa, in ta gaji ku tashi.

In ar ya zauna, sati ɗaya ko biyu, sai ki kawo or da irin wannan wasan, spot da sport, shot da short, sai corn, fork, born. Ko a Jolly Phonics, wani tsarin koyar da foniks da makarantu da yawa suke cewa suna bi, sautuka 42 ne a rukuni bakwai, or yana rukuni na huɗu, er da ar suna na bakwai, kin ga ba a rana ɗaya ake zuba wa yaro su ba.

Na ƙarshe su ne er, ir, ur, su ne masu ɗan wuya domin babu wannan sautin a Hausa. Baki a ɗan buɗe, leɓe ba a zagaye ba, harshe a kwance a tsakiya, a ja. In ta furta shi ya ɗan karkata zuwa dogon a, kamar yadda yawancinmu 'yan Arewa muke cewa girl da first, ki ƙyale ta, muddin ta gane kalmar kuma mai sauraro ya gane. Wurin rubutu ne za ta sha fama, don kunne ba zai gaya mata bird da ir ake rubutawa burn da ur ba, wannan sai yawan gani. Ki tara mata su gida-gida, bird, girl, shirt, first a shafi ɗaya, turn, burn, hurt, church a wani, sannan ki nuna mata er ya fi son ƙarshen kalma, sister, teacher, under. Kullum ki yi mata shifta ta kalma huɗu ko biyar, ki kuma saka su a 'yar jimla ta karanta, kar abin ya tsaya a kati.

Akwai tarko biyu da za ta ci karo da su, ki sani don kar ki ɗauka ta koma baya. In w ya zo kafin wasalin yana juya lissafin, war da warm suna fita da sautin or, word da work da worm kuma da sautin er. Sannan in wasali ya biyo bayan r ɗin, kamar carry, very, mirror, toh r ya dawo da ƙarfinsa ana furta shi. Irin su care, fire, here ki bar su tukuna sai waɗannan sun zauna.

In kina son sanin ko ta iya ne ko hadda ta yi, ƙirƙiro kalmar da babu ita, ki rubuta darp ko lirt. In ta haɗa ta fitar, ta iya. Wannan gwajin za ki iya roƙon a yi wa yaran ajin dikshin ɗin ma a gabanki kafin ki fitar da kuɗinki, cikin mutunci, ba faɗa za ki je yi da anti ba.

Abu ɗaya ne zai sa in ce a je asibiti. In kin lura ko a Hausa ba ta bambance kalmomi masu kama da juna, ko sai an ɗaga murya take juyowa, ko kunnenta ya taɓa zubar da ruwa, toh ki kai ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na ATBU a auna jinta, domin yaron da bai ji sauti sosai ba ba zai iya haɗa shi ba komai ƙwarewar malami. In babu ko ɗaya daga ciki ki fara da katin ar yau ɗin nan, bayan wata biyu ki sake rubuto min kalmomin da har lokacin take tuntuɓe a kansu, ki rubuta su daidai yadda ta furta kamar yadda kika yi da "biridi", daga nan zan gane inda za mu dosa. Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka.