Ina ƙara gini a gidana, shin wutar da nake da ita za ta ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Kano nake, gidana ɗaki uku da falo, mita ɗaya mai kati, fes ɗaya, wato layin wuta ɗaya ne ya shigo gidan. Ina gina ɗaki da falo da banɗaki a baya domin ɗana zai yi aure bayan Sallah. Mai wayarin ya ce zai jawo wuta daga soket ɗin falona, in bureka ta riƙa faɗuwa sai ya sa babba. Bara gobara ta tashi a silin ɗin maƙwabcina cikin dare, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri a auren. Ka dakatar da mai wayarin nan tukuna.

Fara da duba fuskar mitarka. Za ka ga an rubuta wani abu kamar 5(60)A ko 5(80)A, lambar cikin baka ita ce iyakar amf, wato ma'aunin yawan wuta, da za ta ɗauka. Amf 60 a kan bolt 230 ya kama wat 13,800. Sai ka yi lissafi: esi mai doki ɗaya da rabi tana jan kusan amf 6, dutsen guga amf 5, injin rijiyar burtsatse mai doki ɗaya amf 5 zuwa 6, hitar banɗaki mai wat 2,000 kusan amf 9. Gida irin naka mai esi biyu da firiza ya riga ya kai wajen amf 30. Amarya kuwa da kayanta take zuwa: firji, butar lantarki, rishon lantarki, dutsen guga, ga esi da hita. Wasu amf 25 zuwa 30 ke nan. Ka ga kun iso bakin iyaka.

A littafi ana yin rangwame, wai ba a kunna komai lokaci guda. Wanda ya rubuta haka bai zauna inda ake ɗauke wuta ba. Mu nan da zarar an kawo, mai guga ta jona, mai tara ruwa ya kunna, firiza da esi duk sun tashi tare, don ba wanda ya san yaushe za a sake ɗaukewa. Shi ya sa ni rangwamen da nake yi kaɗan ne.

Yanzu maganar babbar bureka, wadda kullum sai na yi faɗa a kanta. Mutane sun ɗauka bureka tana faɗuwa ne don ta yi ƙanƙanta ko ta lalace. Bureka mai gadin waya ce. Wayar soket mai kaurin milimita 2.5 amf 20 ne daidai da ita in tana cikin bututu a bango, kuma a cikin silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ko hakan ma da ƙyar. In aka ɗora mata sashen amarya gaba ɗaya, bureka mai amf 20 za ta faɗi, aikinta ke nan. Sai gwani ya zo ya cire ta ya sa mai 40 ko 63, ya ce an gyara. Wuta ta daina yankewa, kowa ya ji daɗi, an ba shi na goro. Wayar kuma tana nan yadda take. Zafin da waya ke yi ba ninki ɗaya yake hawa ba: in wutar da ke bi ta cikinta ta ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Roba ta yi laushi, ta bushe, ta tsattsage, wata rana wayoyi biyu su haɗu kusa da katakon rufi, ƙarfe biyu na dare.

Haka masu naɗa zaren waya mai kauri a katawut, wato gidan fis da ke kusa da mita, maimakon fis suke yi. Na taɓa buɗe katawut a wani gida na tarar an cusa ƙusa. Mai gidan har yana yaba wa yaron da ya yi, wai tunda ya taɓa wutar ba ta ƙara ba shi matsala ba. Bayan allon kuwa ya yi baƙi ƙirin.

Ga kuma wayar jabu da ta cika kasuwa, alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, an rubuta 2.5 alhali ba ta kai ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana ka mayar musu. Ka sayi ta kamfanonin gida irin su Coleman, Cutix ko Nigerchin wajen dilan da aka sani, don su ma ana buga sunansu a kan jabu.

Sabon sashen yana buƙatar layinsa daga babban akwatin rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe mai milimita 10, ko 6 in nisan kaɗan ne kuma kayan ba su da yawa, da ƙaramin akwatinsa. Esi da hita kowanne da burekarsa, a sa na'urar yanke wuta mai miliamf 30, wadda ke kare mutum daga jan wuta, saboda banɗaki, a kuma gwada ƙarfen da aka binne a ƙasa domin ya kwashe wutar da ta zurare. A duba wayar da ta sauko daga falwaya, da abin sauya wuta zuwa janareta, don su ma a kan tsohon nauyi aka sa su.

In lissafin ya wuce mitarka, ka nemi kamfanin rarraba wuta na KEDCO su ba sashen mita tasa, ko su mayar da kai fes uku. Za ka yi zirga-zirga a ofis, amma kada ka yarda da mai cewa zai hau falwaya ya ƙaro maka layi da daddare. Ni mita daban na fi so, ko don kada a zo ana gardamar wa ya cinye kati tsakanin uwar miji da amarya. Wanda zai yi aikin kuma ya nuna maka takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki, kafin ka ba shi kuɗin kaya.