Yankan ƙanƙara daban, kankararta daban

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne ɗan Tahoua, ina karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa, yanzu na zo bakansi gida. Lokacin sanyin da ya wuce abokaina sun ja ni kan dutse, na koyi zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara, da takalmin haya mai laushi. Ina saukowa ba tare da yawan faɗuwa ba. To, wata rana a Chamrousse na ga wani dattijo da dogon allo siriri da takalmi mai tauri, yana kwanciya a kwana har hannunsa na shafar ƙasa, sawun da ya bari kamar an ja layi da biro. Ni kuwa nawa sawun kamar an ja buhun gero. Yaya ake yin irin nasa? Na tara wajen euro 600, wane kaya zan saya? Kuma a ina zan samu masu wannan wasa, tunda abokaina duk tsalle-tsalle ne ya dame su?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka gani sunansa karbin a bakin masu yinsa, wato yanka, kuma irin allon da takalmin su ne ake ce wa alpin. Na yi shekaru a wannan yanki ina aiki a shagon hayar kayan zamiya, ina wasa bakin alluna ina shafa musu kakin zuma, kafin in dawo Yamai. Saboda haka bari in fara da hana ka kashe kuɗinka a inda ni na kashe nawa.

Ka tuna garen da muke korawa muna yara? Idan yana tafiya ka karkata shi kaɗan, da kansa yake shan kwana, ba sai ka murɗa shi ba. Allon nan haka yake. Ka ajiye shi a ƙasa ka duba: kansa da wutsiyarsa sun fi ƙugunsa faɗi, ke nan kowane gefe nasa ɓangaren wata babbar da'ira ce, kuma an liƙa masa bakin ƙarfe mai kaifi. Idan ka kafa wannan baki a ƙanƙara ka danna da nauyinka, allon zai lanƙwashe, bakin ya bi da'irarsa, wutsiya ta bi ta daidai inda kai ya wuce. Shi ya sa sawun dattijon ya zama layi ɗaya. Kai kuwa da ƙafar baya kake tura wutsiya gefe, bakin yana kankarar ƙanƙara a karkace. Wannan birki ne, kuma kowa da shi ya fara. Amma ba yanka ba ne.

Masu ƙera allo suna rubuta girman wannan da'ira da mita. A ce naka mita 12 ne daga tsakiyarta zuwa baki. Idan ka karkata allon digiri 45, kwanar da zai sha za ta matse zuwa wajen mita 8 da rabi; idan ka kai digiri 60, ta koma wajen mita 6. Ma'ana ba da ƙarfin murɗa jiki ake matse kwana ba, da yawan karkata allo ne. Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin karatun.

Yanzu aikin. Ka nemi hanya mai faɗi, mai alamar kore ko shuɗi, wato masu sauƙi, kada ka kusanci ja ko baƙa masu wuya tukuna. Ka je da sassafe, lokacin da motar daɓe ta gama aikinta ƙanƙarar tana da ƴan layuka kamar an taje ta. Ka gangara kaɗan kai tsaye, ka karkata allon a kan bakin da ke wajen yatsun ƙafarka ta hanyar danna gwiwoyi, sa'an nan ka yi abin da ya fi komai wuya, wato kada ka yi komai. Ka jira. Allon zai ɗauke ka ya ratsa hanya, ya juya ya fuskanci sama, ya tsaya da kansa. Sai ka waiwaya ka dubi sawunka. In siririn layi ne, ka yanka. In ya yi faɗi a wani wuri, nan ne ƙafar bayanka ta yi katsalandan. Sawu ba ya yi wa kowa kara, shi ne malamin da ba ka biya. Ka maimaita ta ɓangaren diddige har shi ma ya fito fes, kafin ka yi tunanin haɗa su.

Ɓangaren diddige shi ne inda kowa ke shan wuya, domin mutum yakan turo ɗuwawu waje kamar mai shirin zama a kujera ƴar tsugunno, kafaɗa ta buɗe, hannun baya ya koma baya yana lilo, sai wutsiya ta fara karkarwa ta zame. Maganinsa ka juya ƙugu da ƙirji su fuskanci kan allo, hannun baya ya zo gaba inda idonka ke ganinsa, ƙugunka ya sauka a saman bakin allon, idonka kuma ya riga allon isa inda za ka. A ɓangaren yatsu kuskuren wani ne: kwaɗayin taɓa ƙanƙara da hannu. Na san shi ne ya burge ka a wurin dattijon. Amma shi ba miƙa hannu ya yi ba, allonsa ne ya karkata har ƙasa ta zo ta same shi. Kai in ka duƙa daga ƙugu don ka taɓa, nauyinka ya bar bakin ƙarfe, sai ka ji ka a ƙasa. Ka ɗauka kai ƴar talla ce da tiren goro a ka: ƙafafu da ƙugu su karkata yadda suke so, kafaɗu su tsaya daidai kada goro ya zube.

Nauyi kuma yawo yake yi. Farkon kwana yana ɗan gaba don kan allon ya kama, tsakiya ya dawo tsakiya, ƙarshe ya ɗan koma baya. In ka taɓa zamiya a kan tudun rairayi, ka manta da waccan al'ada ta jingina baya don kada kai ya nutse. A daɓaɓɓiyar ƙanƙara mai jingina baya allo ne ke tuƙa shi.

Akwai abu biyu da ke ba sabon shiga tsoro. Na farko, ana sauya baki ne tun allon yana ratsa hanya, kafin ya fuskanci gangare, ke nan na ɗan lokaci za ka kwanta ta wajen ƙasa a kan bakin da aka ce maka kada ka taɓa yarda ya kama. Da ɗan gudu a jikinka, zai riƙe ka. Na biyu gudun kansa. Yanka ba ya rage gudu kamar kankarar ƙanƙara, don haka mai yanka da siffar kwana yake rage gudu: ya ƙarasa ta sosai har allon ya ratsa hanya, ko ma ya ɗan hau sama, kafin ya shiga ta gaba. Mai yanke kwana rabi-rabi, kafin ta huɗu ya zama harsashi.

A nan dole in ja kunnenka. Kai kana ratsa hanya daga gefe zuwa gefe, sauran jama'a suna saukowa kusan a miƙe, kuma ba su zaci za ka dawo ta gabansu ba. Ƙa'idojin FIS, hukumar wasannin zamiya ta duniya, sun ce wanda ke sama shi ke da alhakin kauce wa na ƙasa, amma gaskiyarka ba za ta ɗora maka ƙashi ba. Ka dubi sama kafin ka tashi, ka bar ayari ya wuce, ka riƙa satar kallon sama kafin kwanar diddige inda bayanka ke rufe maka gani. In hanya ta cika, wajen sha ɗaya na safe a ranakun hutu, ka haƙura.

Sai maganar kuɗi. Duk abin da na faɗa a sama za ka iya fara shi da kayan haya masu laushi. Ka ce wa mai shago ya juya maka maɗauran biyu da ke riƙe takalmi a kan allo su kalli gaba, wajen digiri 30 a ƙafar gaba da 15 a ta baya, ka tabbata yatsu da diddige ba su leƙo waje sosai ba, domin in takalmi ya taɓa ƙanƙara a tsakiyar kwana zai ɗaga bakin allon ya yar da kai. In ka yi ƴan makonni sawunka ya zama layi kuma har yanzu ranka na so, to sai a shiga kasuwa.

Takalmi ne farko. Ba allo ba. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, don haka ka taka takarda ka zana ka auna. Ya kama diddige kam, yatsu su ɗan taɓa gaba in kana tsaye, su janye in ka durƙusa. Sunayen da za ka ci karo da su Deeluxe da UPZ da Mountain Slope. Na hannu ba laifi, amma ka duba robar da kyau, domin wadda ta tsufa takan tsage a cikin sanyi, ka kuma ware kuɗin sabon ciki irin wanda ake gasawa ya ɗauki siffar ƙafa. Wani zai ce ka yi amfani da takalmin ski, wato zamiya da siraran alluna biyu, ɗaya a kowace ƙafa, tunda shi ma mai tauri ne. Zai shiga maɗauri, amma tafinsa ya cika tsawo kuma ba ya ba idon sawu sararin da wasan nan ke so.

Allo kuwa, ga labarina. A shekarata ta biyu wani mai shago ya sayar mini da allon tsere mai santimita 185 da araha, na ɗauko ina murna. Irin wannan allo an yi shi ne don gwanaye masu gudun gaske a hanyar da aka killace, ba ya lanƙwasa sai an ba shi gudun da ni ban da shi. Mako biyu yana kai ni inda ya ga dama, ranar ƙarshe ya kai ni cikin ragar gefen hanya. Kai ka nemi wanda tsawonsa ke tsakanin santimita 160 da 170, ƙugunsa 19 zuwa 21, da'irarsa mita 10 zuwa 12, kuma taurinsa ya dace da nauyinka. Ka tambayi kilo nawa aka yi shi dominsa. Kessler da Oxess na ƙasar Suwis da SG na Ostiriya su ne ake gani a ƙafar ƴan gasa, sabon ɗaya kuwa ya fi ƙarfin abin da ka tara. Tsohon allon kamfanin F2 mai lafiya ya ishe ka shekara biyu. In za ka sayi na hannu, a shafin intanet na saye da sayarwa Leboncoin ko a kasuwar tsofaffin kayan zamiya da ƙungiyoyi ke yi kafin sanyi ya shigo, ka duba kaurin ƙarfen baki ko wasawa ta cinye shi, ka duba ko ɓawon allon ya fara ɗagowa, ka ajiye shi a ƙasa ka ga ko tsakiyarsa na nan a ɗage.

Maɗaurin alpin faranti ne mai sandunan ƙarfe da ke kama gaba da bayan takalmi. Ka fara da wajen digiri 55 a gaba da 50 a baya. Ƙa'idar ita ce mafi ƙarancin digirin da zai hana takalmi leƙowa. Ranar farko za ka ji kamar an ɗaure ka a turke. Zai wuce.

Kada kuɗin su ƙare ba ka sayi hular kwano da tabarau ba, ƙanƙara tana mayar da hasken rana har ta ƙona ido, baƙar fata kuma ba ta hana leɓe tsagewa. A Faransa ɗauko wanda ya ji rauni a kan hanya ba kyauta ba ne, don haka ka ƙara ɗan kuɗin asirans a kan tikitinka. Abin da ya rage ka ba malami. Awa biyu da wanda ya san alpin sun fi sabon allo amfani; in ka je makarantar koyar da zamiya ta ESF, masu jajayen kaya, ka faɗa musu tun farko mai koyar da takalmi mai tauri kake nema, domin ba kowane malami ne ya taɓa sa shi ba.

Abokan wasa kuwa, ƙarancinsu shi ne sa'arka. Masu alpin sun yi kaɗan har in biyu suka haɗu a layin kujerar hawa sai sun gaisa, kamar ƴan Adar biyu da suka ji Hausar juna a tashar jirgin ƙasa. Da wannan salon aka fara ba da zinariyar zamiyar allo a Olimfik na Nagano a 1998, inda Karine Ruby ta Faransa ta ci ta mata, a 2002 kuma Isabelle Blanc ta karɓa, Ruby ta zo ta biyu. Daga baya samari suka koma tsalle, shaguna suka daina ajiye kayan. Amma gasar na nan: ka nemi bidiyon Ester Ledecká ta ƙasar Cek, wadda a 2018 ta ci zinariya a ski da allo duka a Olimfik ɗaya, ka kalli ƙugunta da kafaɗunta, ka bar kallon hannu.

Ka shiga ƙungiyar zamiya ta ɗaliban jami'a ko don rahusar tikiti da mota. Ka tambayi masu wasa bakin allo a shaguna, su suka san wa ke kawo siririn allo. Masu salon kwanciya har ƙasa na kamfanin Swoard sun shafe shekaru suna taruwa a Zinal ta ƙasar Suwis, inda ake ba mutane alluna su gwada, katin zamanka na Faransa tare da fasfonka kuma sun isa ka shiga Suwis. Amma kafin duk wannan, ka koma Chamrousse ranar da aka buɗe, ka kasance a layi kafin kujera ta fara juyawa. Irin dattijon nan ba sa fashin daɓen safe. Ka gaishe shi, ka yabi sawunsa, ka roƙi ya bi bayanka sau ɗaya ya faɗa maka abin da ya gani. Yawancinsu suna da allo biyu ko uku a gida suna shan ƙura.

Na san za ka so kai masa tsaraba daga gida. Kada ka saka kilishi ko cuku a jaka, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a karɓe a filin jirgi. Ka sayi ganyen shayi da ƴan kofuna a kasuwar Tahoua, ka dafa na farko mai ɗaci ka zuba a tarmos, ka miƙa masa a saman dutse.