Na kai wa jami'i rago da kuɗi don ɗana ya samu aiki, zan iya kai shi kotu?

Malam, na karanta saƙonka daga yankin Gwarzo. Ka ce ka kai wa wani jami'i a sakatariyar ƙaramar hukuma rago da dubu 200 kan zai samo wa ɗanka takardar ɗaukar aiki, shekara ta zagayo shiru, wayarka ma ya daina ɗagawa, kuma a ganinka gaisuwa ce ka yi irin ta al'ada don haka kotu za ta ƙwato maka.

To a nan nake so ka tsaya. Ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, amma yadda ka faɗa da bakinka, wuya ne alƙali ya kira wannan kyauta, tunda saboda aikin ka bayar. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na 5, ya yarda ma'aikacin gwamnati ya karɓi kyauta ne kawai daga dangi ko abokansa, a lokutan da al'ada ta sani kamar suna ko biki. Shi wannan ba ɗan'uwanka ba, ba suna yake yi ba. Dokar ICPC (hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya) ta 2000 kuma mai bayarwa da mai karɓa duk ta haɗa su, hukuncin na iya kai shekara 7, kuma ta ce ba a kare kai da cewa ai haka aka saba. Ko a addini ka san hadisin ma'aikacin zakkar nan da ya karɓi kyauta a wajen aiki, Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa.

Galibi kotu ba ta tilasta cika yarjejeniyar da tun asali haramtacciya ce. Sai dai in ya tabbata tun farko ba shi da ikon ba da aikin, yaudararka ya yi, nan magana na iya komawa damfara, shi ma sai an ga hujja.

Ni dai shawarata a fara da sulhu. Ka samu dagaci ko wani dattijo da yake jin kunyarsa a zauna, kuɗinka kawai za ka nema, kar ka ƙara cewa a ba yaron aiki, kar kuma ka yi masa barazana. Irinsu sun fi tsoron maganar ta kai ofis, kuma gaskiya halinsa bai burge ni ba. Alat ɗin tiransifa da saƙonnin waya ka adana.

In ya ƙi, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jihar Kano, amma kar ka rubuta musu komai sai ka zauna da lauya ido da ido, don takardar za ta ambaci abin da kai ma ka bayar.