Anti, aiki ya cinye ni, wanda zan aura kuma ya fara ƙorafi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni budurwa ce shekarata 27, ina aiki a wani kamfani ɓangaren lissafi, kuma wallahi ina son aikin don na sha wahala kafin in samu, amma yanzu abin ya fara fin ƙarfina. A takarda ƙarfe 5 ake tashi amma ba na barin ofis sai 7 wani lokacin har 8, in na dawo gida ma ban tsira ba don oga yana turo saƙo a guruf ɗinmu na WhatsApp har 11 na dare, in ba ki amsa ba gobe a mitin sai an yi da ke. Ga wanda zan aura ya fara mita wai yana ganina onlayin amma ba na kula shi, rannan har ya ce in haka za a yi bayan aure to in zaɓa ko shi ko aikin, daga baya ya ce wasa yake amma maganar ta tsaya min a rai. Ƙawayena sun daina gayyatata ko'ina don kullum ce musu nake ina bizi, karatun littafi da ɗan tattakin da nake yi duk na watsar, ranar hutu barci kawai nake in tashi da ciwon kai. Anti ni ce ban iya tsara lokaci ba ko yaya? Ji nake kamar kowa ina shiga haƙƙinsa.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya kawo miki sauƙi. Kin lissafo duk waɗanda kike ganin kina shiga haƙƙinsu amma ba ki sa kanki a ciki ba, alhali ke ce aka fi cuta a wannan zancen. Kuma ki daina zargin kanki da rashin iya tsari, wanda ake karɓe wa lokaci daga safe har 11 na dare me ya rage masa da zai tsara?

Ki zauna ki lissafa awannin da kike yi a mako, har da na amsa saƙo a kan gado, don shi ma aiki ne. Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da awa 8 a rana, 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. A 2021 kuma ita da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da rahoto cewa mai yin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in an kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Ba tsorata ki nake ba, so nake ki san wannan gajiyar taki ba raki ba ce. Faransa ma sai da ta kai ga yin dokar da ta fara aiki a 2017 kan 'yancin ma'aikaci ya kashe waya bayan an tashi aiki, kin ga ke nan ba ke kaɗai wayar nan ta bi har ɗaki ba.

Ban ce ki ajiye aiki ba fa, kuma kar ki je wa oga da faɗa. Ki same shi lokacin da yake cikin natsuwa ki ce, "Yallaɓai ayyuka uku ne a hannuna kuma duka an ce na gaggawa ne, wanne kake so in fara kammalawa?" Haka kin mayar masa da zaɓin, kuma ba zai ce kin ƙi aiki ba. Batun dare kuma ki faɗa da bakinki tun da rana cewa daga ƙarfe 9 ba kya kusa da waya, in abu ya taso da ba zai jira safe ba a kira ki. Sai ki cika alkawari ta ɗaya ɓangaren, da safe ki zama cikin masu fara amsawa. Makon farko za a ɗan ɓata rai, ki daure, mutane suna sabawa da abin da ka saba musu da shi ne, ke kika saba musu da amsa cikin minti ɗaya.

To yanzu wanda za ki aura, a nan nake so ki fi natsuwa. Ƙorafinsa na farko yana da gaskiya, ba daɗi mutum ya ga kina onlayin saƙonsa na zaune tun azahar, shi bai san lissafin ƙarshen wata kike fama da shi ba, abin da zai zo masa a rai shi ne an daina yi da shi. Wannan gyaransa ba wuya, ku tsayar da lokaci ɗaya kullum ko minti 20 ne, ki rufe kwamfuta ki ba shi hankalinki gaba ɗaya, ya fi masa "ok" da "ina zuwa" guda goma da kike jefa masa a tsakiyar aiki. Ranar da kika san za ta yi zafi ki sanar da shi tun da safe.

Amma maganar ki zaɓa ko shi ko aiki, kar ki bari ta wuce a matsayin wasa. Ta yiwu ɓacin rai ne ya sa shi faɗa, ta yiwu kuma abin da ke ransa ke nan tun tuni, kuma yanzu ne lokacin da za ki sani, kafin a ɗaura. Ki tambaye shi cikin ladabi ba da fushi ba, ya yarda ki ci gaba da aiki bayan aure? In kin dawo a makare wa zai kama aikin gida, za a ɗauki mai taimako ne ko zai sa hannu? In haihuwa ta zo fa? Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago na 2018 ya nuna mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin gida da raino da ba a biya a duniya, wato in ba a yi magana ba ke abin zai faɗo wa, a kan wannan gajiyar da kike ciki yanzu. Ki saurari amsarsa da kyau, in ya ce "in an yi auren ma gani" to bai amsa ba tukuna, ki sake tambaya wata rana. Abin da kuka tsayar kuma manyanku na ɓangarorin biyu su san da shi.

Hutu kuma ki daina jiran sai lokaci ya ragu, ba zai taɓa raguwa ba. Ki ware rabin yini a ranar hutunki ki rubuta shi kamar yadda kike rubuta mitin, wannan makon ki je wajen ƙawa ɗaya, ke za ki kira ta don sun gaji da kira, wani makon ki zauna da littafinki. Tattakin nan ki dawo da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, minti 30 ke nan sau biyar. Barci kuma ki nemi awa 7 kowane dare, ramuwar ranar hutu ba ta biyan bashin mako duka.

Ciwon kan nan dan Allah kar ki yi ta shan magani kina wucewa, ki je asibiti a auna jininki a duba idonki tunda kullum kina gaban kwamfuta. In kuma kin ga abin ya kai ba kya jin daɗin komai, ko kina kuka ba dalili, ki faɗa wa likitan shi ma. Ki sake rubuto min bayan kun zauna da shi, ina so in ji abin da ya ce.